Kututture Talatin da Ɗaya

Masu tsine wa wanda ya sare itatuwan gahawar mahaifina a ƙasan hoton da na sa, ku sassauta. Ni ce. Ni Tahani, da hannuna, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da zarto mai jan mariƙi. Itace talatin da ɗaya.

Ku ji dalili tukuna, sannan ku yanke mini hukunci.

Shekara uku ke nan ruwan sama yana mana rowa a Haraz, nan cikin duwatsun Yaman. Hadari ya taso daga wajen teku, ya tsaya a kan dutsen da ke kallonmu, ya wuce. Gonarmu hawa huɗu ce a jikin dutse, ƙasa da masallaci, kuma ita kaɗai Baba ya bar mana, ni da Umma. Kakana ne ya dasa itatuwan. Sun ninka ni tsayi, sun tsufa, ƙasansu duk ƙirare, ganye sai can ƙololuwa. Abin da muka tsinka bara, da muka shanya a saman soro, bai rufe tabarma biyu ba.

Ƙungiyar gama-kai ta manoman gahawa ta gina tafki na dutse da siminti a saman gari, ta tare ɗan ruwan da ya sauka. Ruwan ba zai ishi kowa ba, don haka aka kafa sharaɗi. Tsohon itacen da ya daina haihuwa, a yanke shi daidai gwiwa, yankan a karkace, a shafe bakin da farar ƙasa, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa. Kututture ba ya shan rabin abin da dogon itace ke sha. In ya sami ruwa a makon farko zai yi tofo, shekara biyu ya koma haihuwa. In bai samu ba, ya zama itacen girki. Wanda bai yanke ba kafin Asabar, ba ya cikin jerin ruwan bana.

Sau uku na kai wa Baffa Hizam maganar. Shi ne yayan Baba, shi ne waliyyina, a hawan benen da ke samanmu yake zaune da iyalinsa.

"Gatari a jikin itacen ubana?" ya ce.

"Ba gatari ba ne, Baffa. Zarto ne."

"Au, zarto ne? To alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta." Ya kurɓi ƙishir ɗinsa, shayin ɓawon gahawa, ya ajiye finjalin. "Yaran da aka yanke wa cibi jiya, an ba su hular rana da ɗan littafi, su ne za su koya wa Haraz gahawa? Je ki taya uwarki aiki."

Nashwan yake nufi. Nashwan ne ke riƙe da makullin tafkin, shi ke buɗe wa kowa ruwansa da agogo a hannu. Bara mahaifinsa ya hau benenmu da sabon rawani ya nema masa aurena. Baffa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a bari a ga kakar gahawa. Kaka ta zo babu gahawa, ya ce a bari a ga ta gaba.

"Shekara ashirin da bakwai, Tahani," Umma takan ce. "Sa'o'inki suna yaye na uku. Ki kai masa ƙishir ɗinsa da zafi, ki ƙara citta, ki daina masa zancen gona. Saura ƙiris ya sauko."

Ina son Nashwan. Zan faɗa sau ɗaya, kada ku ce ban faɗa ba. Amma aure yana iya jiran wata kakar. Jerin ruwa Asabar za a rufe shi.

Ranar Juma'a bayan azahar garinmu kamar an share. Maza suna ɗakunan sama, kowa da ƙunshin ƙat, ganyen da ake taunawa, a kumatu, mata sun tafi barkar haihuwa a unguwar ƙasa. Na ce wa Umma kaina na ciwo. Na ɗora tsohon kwat ɗin Baba a kan rigata, na sa malafa, na ɗauki buhun da Ulfat ta kawo mini. Ulfat ƙanwar Nashwan ce, ita ke kula da renon dashe na ƙungiya, tare muka yi makaranta. Da na ce ta aro mini zarto ba ta tambaye ni komai ba, cewa kawai ta yi, "Yayana bai sani ba, kuma ba daga bakina zai ji ba."

Na fara da na bakin hanya. Itacen gahawa tauri gare shi, ban san haka ba sai ranar. A na goma tafin hannuna ya ɗuri ruwa, a na sha biyar ya fashe. Akwai wanda Baba ya kafa wa ƙusa yana rataye rediyonsa. A kansa na tsaya, na sha ruwa, na yanke shi. Ana kiran magariba ina shafa wa na ƙarshe farar ƙasa.

Shirina shi ne, da safe 'yan kwamiti su zo su gani su rubuta sunanmu, sannan in hau in gaya wa Baffa. Na shirya wa faɗa, na shirya wa zagi, na shirya wa wata guda ba ya amsa gaisuwata. Abin da ban kawo a raina ba, ni da aka haifa a garin nan, shi ne Baffa ba zai taɓa tunanin ɗan gida ne ba. A wurinmu ba a sare wa mutum itace sai ana so a ce masa, ni da kai gaba ce har kabari.

Ya ga gonar yana dawowa daga sallar asuba. Bai shigo gida ba. Kai tsaye ya wuce wurin Shehu Mabkut, mai raba gardamar garinmu, ya zare jambiyarsa, wuƙar da maza ke sokewa a ɗamara, ya ajiye a gabansa, alamar ya kawo ƙara. Ya ce a je a dubi yankan: a karkace, da farar ƙasa, hannun ƙungiya ne. Wa ke ajiye zartunan ƙungiya? Wa na hana 'ya shekara guda?

Aka kira Nashwan. Shi ma ya ajiye tasa jambiyar, ya ce a ba shi zuwa Talata.

Kafin hantsi an kafa sanda a bakin gonarmu da farin ƙyalle a kai. Muddin wuƙaƙen nan biyu suna hannun Shehu, ƙafa ba ta shiga, ruwa ba ya shiga. 'Yan kwamiti suka zo da littafinsu, suka ga ƙyalle, suka wuce gonar gaba.

Ina madafa ina cuɗa ƙullun gurasa da bayan hannu lokacin da Umma ta tsaya a kaina.

"Tun yaushe kika koma cuɗa ƙullu kamar mai kuturta? Buɗe."

Na buɗe. Ta daɗe tana kallo. Ta tura ƙofar madafa da ƙafa, ta jawo kwanon lalle daga kan kanta, ta kwaɓa shi da sauran shayin safe. Ta kama hannuna ta dinga danna lallen a kan ciwon, har na ciji mayafina.

"Kin yi ƙunshi don barkar haihuwa," ta ce. "Ba ki sani ba, ban sani ba."

"Umma, Nashwan fa?"

"Namiji ne, yana da uba, yana da dangi. A yanka bijimi a ƙofar Baffanki, a ci, a manta. Ke wa gare ki? In aka ji 'ya mace ta karɓi zarto daga gidan saurayinta ta shiga gona ita kaɗai, wa zai tsaya tambayar itace nawa ne? Har garin Manaka sai an yi hira da ke a kasuwa."

"Za su bushe, Umma."

"Ni ma na bushe. Wa ya kawo mini ruwa?"

Waya ba ta kamawa a gidanmu sai a saman soro, kusa da farantin sola. Ranar Lahadi da hantsi na hau da kwandon shanya. Daga nan ana hango gonar, fararen kawuna talatin da ɗaya a jere cikin rana. Saƙon Nashwan na jirana.

"Ulfat ta gaya mini. Sai da na rantse zan fasa mata tukwanen dashe."

Na rubuta, "Ka yafe mini."

"Yankan ya yi kyau. Na hango daga hanya. Na hawa na biyu kin ɗan yi sama da gwiwa."

"Nashwan, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Ranar Talata zan ce ni ne."

"In ka ce kai ne, sai a cire ƙyallen?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"A'a. Sai masu kimanta ɓarna sun zo daga wancan ƙauyen. Kwana goma, ko sha biyu."

"Kai ka tsaya a gaban masallaci ka ce mako guda kututture ke iya jiran ruwa."

"Na ce."

"To?"

"Itace ana sake dasawa, Tahani. Zan ba ki dashe talatin da ɗaya daga hannun Ulfat, mafi kyau. Sunanki in ya zube ba ni da inda zan samo miki wani."

"Dashe shekara huɗu. Me za mu ci shekara huɗu? Kuma kana ganin Baffa zai bar fili a buɗe? Kafin wata ya kama ya cika shi da ƙat."

"Za ki ci a gidana."

"Umma fa? Kuma wane gidan? Wanda ya sare masa itace Baffa zai ba 'ya?"

Can ya turo, "Kada ki zo ranar Talata. Abu ɗaya na taɓa roƙonki ke nan."

Litinin na hau soron sau shida. Na ɗauki hoton gonar, na ja shi da yatsa har ya dushe. Farar ƙasar da ke kan na bakin hanya ta tsage gida biyu. Iska ta kwashe ciyawar gindin wasu, ƙasar ta fito fara fat. Tulu biyu na ruwa suna madafarmu, tsakanina da gonar taku ɗari biyu ne, kuma in na zuba ko da kofi ɗaya na karya hukuncin Shehu, laifin ya koma kan Nashwan ninki biyu. Baffa kuwa ya sauko cin abincin rana da ɗamara babu wuƙa, kube kawai, ya zauna yadda kowa zai gani. Ya ci miyar salta ya side kasko.

"Kada ki damu, 'yata," ya ce mini. "Haƙƙin ubanki ba zai faɗi ƙasa ba ina raye."

Da gaske yake. Shi ya fi ci mini rai.

Talata bayan la'asar na yi wanka, na sa sharshaf, baƙin lulluɓina na fita unguwa, na ɗaure fuska na bar ido. Umma tana zaune a matattakala tana tsince alkama a faifai.

"Ina zuwa?"

"Gidan Shehu."

Ta ajiye faifan. "Na haɗa ki da nonon da kika sha."

"Umma, matsa mini in wuce."

Ba ta matsa ba. Na raɓa ta jikin bango, gefen mayafina ya kwashe mata alkamar. Ina jin ƙwayoyin suna gangara matattakala a bayana, ban waiwaya ba.

Ɗakin zaman Shehu yana hawa na biyar. Takalma sun cika ƙofar har sun gangaro mataki uku. Warin taba da ganye ya cika wurin. Na tsaya a bayan ƙyaure, inda mata ke ajiye butar shayi su juya. Ta tsagar ƙofa ina ganin wuƙaƙen biyu a kan darduma, hasken gilashin taga ja da kore ya sauka a kansu.

Na makara da minti ɗaya. Muryar Nashwan na fara ji.

"Ni ne, ya Shehu. Ni kaɗai. Na ga za su mutu, na yanke."

"Kun ji ko?" in ji Baffa. "Likitan itace. Ya ga za su mutu, ya taimaka musu."

Aka yi dariya. Shehu ya ce masu kimantawa za su zo Alhamis ta sama, kafin nan gona tana nan yadda take.

Na ƙwanƙwasa ƙyauren da ƙarfi.

"Ajiye shayin nan, an gode," wani ya ce.

"Ba shayi ba ne. Tahani ce, 'yar marigayi Salihu. Ina da magana a kan gonar ubana."

Kawuna suka juyo wajen ƙofa, ruwan tukunyar taba yana ɓulɓula.

"Koma gida," in ji Baffa.

"Ƙyale ta, Hizam," in ji Shehu. "Daga nan inda kike, 'yata. Muna ji."

"Ni na yanke su. Ranar Juma'a, daga azahar zuwa magariba. Shi bai sani ba sai Lahadi."

"Ƙarya take!" Baffa ya miƙe, na ga inuwarsa. "Rufa masa asiri take. Ya juya mata kai da waya. Wannan yarinyar ko kaza ba ta iya riƙewa a yanka."

"A hawa na uku akwai wanda zarto ya goce, yankan biyu ne," na ce. "Mai ƙusar rediyon Baba, ƙusar tana aljihun kwat ɗinsa a ɗakina. A aika a duba."

Shehu ya ɗaga murya ya kira mahaifiyarsa. Tsohuwa ce ta kusa casa'in, ta hawo tana dafa bango tana mita an tashe ta daga kan dardumarta. Ta kama hannuna ta juya shi wajen haske, ta goga babban yatsanta a kan lallen. Ciwon ya buɗe.

"Wa ya yi miki wannan ƙunshin? Ko makaho ya fi shi," ta ce. Sannan ta leƙa ɗakin. "Mabkut, hannun nan zarto ya riƙe. Ku bar ɓata wa mutane yamma."

Na ɗauka an gama. Sai na ji Shehu ya sauke murya.

"Nashwan ɗan Ƙa'id. A ɗakina, da jambiyarka a gabana, ka dube ni ka ce kai ne?"

Nashwan ya dubi wuƙarsa a kan darduma.

"Tambayarka nake."

"Na faɗa, ya Shehu."

Wani tsoho daga lungu ya ce, "Ya zo fansar mace, mace ta fanshe shi. A ba ta ɗamarar mana." Wannan dariyar ta fi ta farko tsawo. Ta tsagar ƙofa na ga ƙeyar Nashwan da kunnuwansa. Bai motsa ba.

Shehu ya miƙa wa Baffa wuƙarsa. Ya ce babu ƙara, 'ya ta yanke itacen ubanta, wannan maganar cikin gida ce, a cire ƙyalle yau, ƙungiya ta sa gonar a jeri. Ta Nashwan kuwa ya tura ta ƙarƙashin matashinsa. Ya ce sai Ƙa'id ya zo da kansa ya ji abin da ɗansa ya yi da ita.

Baffa ne ya fara fitowa. Ya tsaya neman takalminsa a gabana, ya sa ɗaya, ya daɗe yana laluben ɗayan.

"Kin raba gado da zarto," ya ce, bai dube ni ba. "Gonar taki ce, ki ci. Amma kada wanda ya ƙara hawo benena da maganar aurenki. Ba ni da 'yar bayarwa."

Na rubuta wa Nashwan tun ina hanya. Na sake rubutawa daga soro kafin magariba. Saƙon ya shiga, an buɗe, babu amsa. Umma ta ajiye mini abinci a ƙofar ɗaki kamar baƙuwa.

Yau Laraba, bayan asuba, na sauka gona da tiyo a kafaɗa. Ƙyallen ba ya nan. Awa biyu aka ba mu, daga shida zuwa takwas. Na tona ƙasar gindin na bakin hanya da yatsa, sai da na nutsa har wuyan hannu kafin na ji ɗan sanyi. Na kankare ɓawon da farce. Akwai kore a ciki, siriri.

Shida daidai tiyon ya yi tari, ya yi tsalle a hannuna, ruwa ya zo. Na ɗaga kai wajen tafki. Mai saukowa daga can ba Nashwan ba ne. Ulfat ce, da makullin rataye a wuyanta a kan sharshaf.

"Ina yayanki?"

"Riƙe tiyon da kyau, kina zubar da rabi a kan dutse."

"Ulfat."

"Ya mayar wa kwamiti makulli jiya. Ya ce wanda aka kama da ƙarya ba ya riƙe wa mutane agogon ruwa." Ta gyara ɗaurin fuskarta. "Babanmu bai je karɓo wuƙar ba. Ya ce ba zai hau benen nan a yi masa dariya ba."

"Yana gida?"

Ta nuna ƙasa da haɓa. Motar safe mai zuwa Hudaida tana tsaye a dandalin bakin gari, ana ɗaure kaya a samanta. Daga gonarmu zuwa can, in mutum ya bi ta matattakalar masallaci da gudu, minti goma ne.

"Riƙe mini," na ce.

"Ba zan iya ba. In ban koma kan famfon ba, ruwan gidan Hajji Sagir zai haɗe da naku, a rufe duka. Ni kaɗai ce a can." Ta juya, ta ɗan tsaya. "Bai ce in gaya miki ba. Bai kuma ce kada in gaya miki ba."

Ta hau. Na dubi agogon waya: shida da minti goma sha ɗaya. Kowane kututture yana son minti huɗu kafin ruwan ya daina gudu a sama ya fara nutsewa. In na ajiye tiyon, zai cika gindi ɗaya ya zube ta bango zuwa gonar ƙasa. Ruwanmu na gaba sai bayan kwana tara.

Direba ya yi ham sau biyu. Na ga wani mai farar riga, ɗamararsa babu komai, ya tsaya a ƙofar motar yana kallon sama, wajen gonaki. Daga nan ba a gane fuska.

Wayar ta fara rawa a aljihun kwat ɗin Baba. Ba saƙo ba ne, kira ne. A gonar nan waya ba ta riƙe magana sai an hau kan bangon hawa na huɗu, can sama, inda tiyon ba ya kaiwa.

Na gama na uku. Na ja tiyon zuwa na huɗu, wayar tana ta rawa a jikin haƙarƙarina. Bayan wannan, saura ashirin da bakwai.